Daga Gidan Yari Zuwa Gidan Gyaran Hali: Kalmomin Ɗauri a Hausa, Ingilishi da Turkanci

A unguwar Barnawa, kudu da Kogin Kaduna, akwai wani gida na gwamnatin tarayya inda ake tsare samarin da kotu ta aiko, ana koya musu karatu da sana'a. Sunansa a takarda Borstal, amma mutanen gari sukan haɗiye harafin r su ce Bostal. An buɗe shi a farkon shekarun 1960, shi ne kuma na farkon irinsa a Nijeriya, kafin daga baya a sami na Abekuta da na Ilori. Abin da zai ja hankalin mai nazarin harshe game da wannan gida shi ne sunan nasa, domin kuwa a asalinta kalmar ba ta da wata ma'ana da ta shafi horo ko tarbiyya. Sunan wani ƙauye ne kusa da garin Rochester a lardin Kent na Ingila, inda a 1902 aka keɓe wani sashe na kurkuku don a gwada raba matasa da manyan masu laifi. Wata doka ta 1908 ta tabbatar da wannan tsari, sai sunan ƙauyen ya zama sunan kowane gida irin wannan, a Ingila da ƙasashen da ta mallaka. A 1982 majalisar Ingila ta soke tsarin, kalmar ta fita daga dokokinsu. Ga ta kuwa a Barnawa da ranta, shekaru fiye da 40 bayan masu ita sun yi mata jana'iza.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bin sawun irin waɗannan kalmomi, watau sunayen da Hausa take kiran wurin ɗauri da ɗaurarre da mai tsaronsa, don a ga abin da kowace kalma ta adana game da wanda yake riƙe da mutum da kuma dalilin riƙon. Za a auna su da na Ingilishi, saboda daga can aka aro da yawansu, sa'an nan da na Turkanci. Mai karatu yana iya tambayar abin da ya kawo Turkawa cikin zancen. Ba aron kalmomi ne ya haɗa harshensu da Hausa ba, Larabci ne ya haɗa su. Al'ummu biyu ne na Musulmi waɗanda suka ɗebi kalmomin shari'a daga rijiya ɗaya, kuma dukansu suka karɓi kurkuku irin na Turai a baya-bayan nan. Bambancin shi ne Turkawa sun karɓe shi da hannun gwamnatinsu, suka kuma yi ta sake masa suna da gangan, Hausawa kuwa wanda ya ci su da yaƙi ne ya kawo musu shi.

Igiya kafin bango

Kalmar da ta fi kowace zama a bakin Bahaushe a wannan fage ita ce ɗauri. Ana cewa an ɗaure wane shekara uku, ko an yi masa ɗaurin rai da rai, alhali ba wanda ya sa masa igiya. Aikatau ɗin da ake ɗaure akuya da shi, da shi ake ɗaure ɓarawo. In aka duba kalmomin da suke kewaye da ita, za a tarar galibinsu sunayen kayan da ake sa wa jiki ne: mari da gigar a ƙafa, sarƙa, ƙangi, da turu, watau gungumen da ake zura ƙafar mahaukaci ko kangararre a ciki. Tsohon sunan ɗaurarre ma shi ne ɗan sarƙa. Wannan yana nuna cewa a tunanin mutanen da, ƙarfen da ke ƙafar mutum ne yake riƙe shi, bango kuwa ƙari ne kawai. Mafi kyaun waɗannan kalmomi ita ce ɗaurin talala, wadda aka ɗauko daga makiyaya. Talala ita ce a ɗaure dabba da doguwar igiya, ta yi kiwo tana ganin kamar a sake take, sai ta kai ƙarshen igiyar ta gane matsayinta. Da Turawa suka kai Sarkin Kano Alu Lakwaja, inda ya rasu a 1926, da kuma lokacin da aka kai Sarki Muhammadu Sanusi Azare a 1963, harshen bai buƙaci ƙirƙiro wata sabuwar kalma ba, wannan ta wadatar.

Game da ginin kansa, tsofaffin sunaye biyu ne, kurkuku da gidan yari. Na biyun ya fi ba da labari. Yari sarauta ce ta fada, ta wanda sarki ya damƙa wa tsaron ɗaurarru, galibi kuwa daga cikin bayin sarki yake fitowa. Saboda haka gidan yari, a ma'anarsa ta farko, gidan wani mutum ne sananne, kamar yadda ake cewa gidan Galadima ko gidan Madaki. A Kano, a ƙarni na 19, an san gidan Ma'ajin Watari da wannan aiki, can ne kuma iyayengiji sukan kai bayin da suka ƙi biyayya don a hore su. Sunan ba ya faɗin laifin da aka yi, ba ya kuma alkawarin gyara kowa, yana dai gaya wa dangi ƙofar da za su je su yi roƙo.

Abin da aka rubuta game da cikin waɗannan gidaje ya fi fitowa daga alƙalamin baƙi. Hugh Clapperton, wanda ya zauna a Sakkwato a 1826 zuwa 1827 har ya rasu a can, ya bayyana kurkukun birnin a matsayin gini mai rufin ƙasa da rami mai zurfi a tsakiya don masu manyan laifuffuka. Ya ce ɓarayi da 'yan leƙen asiri da bayi masu taurin kai ake sa wa a ciki, abincinsu dusa da ruwa sai abin da dangi suka kawo, kullum kuma ana fito da su biyu-biyu su yi aikin ganuwa. Bayan an ci Kano a watan Fabrairu na 1903, Lugga ya rubuta a rahotonsa cewa ya shiga kurkukun birnin da kansa, ya tarar da ɗakuna biyu, kowane tsawonsa ƙafa 17 faɗinsa ƙafa 7, inda ake cusa mutum 135 kowane dare, da ramuka a gindin bango waɗanda ake zura ƙafafun waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa. Dole ne a karanta wannan da lura, domin Lugga yana neman hujjar da zai kare yaƙin da ya yi a gaban mutanen London waɗanda ba su so aka yi shi ba. Amma fa son zuciyar mai ba da labari ba ya mai da ɗaki mai ƙafa 7 ya zama fili, kuma kalmomin Hausa da kansu, mari da turu da ɗan sarƙa, ba su ƙaryata shi ba.

A nan akwai wani abin mamaki wanda ya kamata a tsaya a kansa. Kusan duk kalmomin shari'a na Hausa daga Larabci suke: alƙali, shari'a, hukunci, shaida, haddi, diyya, muhuti, har ma da laifi. Amma kalmar Larabci ta kurkuku, watau sijn, ba ta shiga bakin jama'a ba, ko da yake duk almajirin da ya kai Suratu Yusuf ya karanta ta sau da yawa. Mai tafsiri in ya zo kanta sai ya ce kurkuku. Dalilin da ya fi kusa shi ne rabon aiki tsakanin zauren alƙali da fada. A littattafan fiƙihu ɗauri ba shi ne babban hukunci ba, ana yin sa ne don a riƙe wanda ake tuhuma, ko a matsa wa mai taurin bashi, ko a matsayin ta'aziri. Bulala da diyya da haddi su ne na malamai, don haka suka zo da sunayensu na Larabci. Tsare mutum kuwa aikin sarki ne da dogaransa tun kafin jihadi, ya kuma riƙe sunansa na gida. Kalma guda ce ta ƙetara daga wancan ɓangare, ita ce wakafi, daga tushen Larabci mai ma'anar tsayarwa. Gidan wakafi shi ne inda ake ajiye mutum kafin a yanke masa hukunci, watau daidai irin tsarewar da fiƙihu ya sani. Za a sake komowa kan wannan kalma, domin ita ce ta fi kowace muhimmanci a yau.

Abin da Turawa suka kawo

Kurkuku irin na Turai ya fara ne a Ikko, inda aka buɗe na titin Broad a 1872 don mutum 300. A Arewa kuwa mulkin Turawa ya bar tsari biyu suna tafiya tare: gidajen gwamnati ƙalilan, irin na Kaduna, da kuma gidajen yari na En'e masu yawa, waɗanda suka zauna a hannun sarakuna, Yari yana karɓar albashinsa daga baitulmali. Wannan ne ya sa tsohon sunan bai mutu ba. Ginin ya sake, an kawo rajista da awon abinci da ziyarar likita da ta Di'o, amma mai gidan bai sake ba.

Kalmomin da aka aro a wannan zamani sun bi hanyar da sauran kalmomin aro suka bi, ta bakin soja da 'yan sanda da masinjoji, ba ta takarda ba. Kalmar Ingilishi "prisoner" ta zama fursuna, a wasu wurare bursuna: harafin p ya koma f, aka raba baƙaƙen da suka haɗu a farko, sa'an nan aka ba ta jam'i na Hausa tsantsa, fursunoni. Daga ita aka sami gidan fursuna, wanda a karo na farko ya jingina gidan ga mazauninsa maimakon mai tsaronsa. Haka aka sami beli da kotu da lauya da caji ofis, da kuma bayan kanta, wanda ya nuna daidai inda ɗakin tsarewa yake a ofishin 'yan sanda. Amma wadda ta fi su duka tona asiri ita ce gandiroba. Asalinta "gang-driver", watau mai kora ayarin ma'aikata. Ingilishi yana da kalmarsa ta mai tsaron kurkuku, amma ba ita Bahaushe ya ɗauka ba, ya ɗauki sunan abin da ya gani da idonsa: mutum da kulki yana biye da jerin 'yan sarƙa zuwa sharar hanya, ko yankan ciyawa a bariki, ko kwasar bahaya. Duk wanda yake son ya san amfanin fursuna ga gwamnatin mulkin mallaka, wannan kalma ɗaya ta ishe shi.

A hayin iyaka kuwa, Hausawan Maraɗi da Damagaram sun sami tasu kalmar daga Faransanci, kaso, daga "cachot", watau ƙuntataccen ɗaki mai duhu. Na ɗan lokaci iyakar da aka ja tsakanin Katsina da Maraɗi ta zama iyakar kalmomi, sai gidajen rediyon ƙasashen waje, inda 'yan Nijar da 'yan Nijeriya suke karanta labarai a teburi ɗaya, suka gauraya su, har gidan kaso ya zama sananne a Kaduna.

Shekarun 1950 sun ƙara wa gidan yari wata ma'ana. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a 1950, kotunan alƙalai da na sarakuna sun ɗaure magoya bayanta da yawa, an kuma sha faɗin cewa Hajiya Gambo Sawaba ita kaɗai an ɗaure ta sau 16. Shi kansa Sardauna Ahmadu Bello, tun a 1943, kotun Sarkin Musulmi ta yanke masa ɗaurin wata uku a kan zargin kuɗin jangali, sai da ya ɗaukaka ƙara a Zariya aka wanke shi. Inda ɗauri ya zama makamin siyasa, kunyarsa takan ragu, kuma laƙabi irin gidan maza yana ɗauke da wannan ruhi na wanda ya shiga ya fito bai rusuna ba, kamar yadda gidan ɗan Kande yake ɗauke da ba'a, magarƙama kuma take ɗauke da ƙarar ƙofa. Koke-koken da aka yi a kan gidajen En'e suna cikin dalilan da suka sa gwamnatin soja ta karɓe su ta haɗe da na tarayya a 1968, sa'an nan doka ta 9 ta 1972 ta shimfiɗa tsari ɗaya ga ƙasa duka. Daga ranar Yari ya rasa gidansa, amma har yau gidan yana amsa sunansa.

Ingilishi da alkawarin gyara

Shi ma Ingilishi tsofaffin kalmominsa ba su yi alkawarin kome ba. "Prison" ta zo ta Faransanci daga kalmar Latin mai ma'anar kamawa. "Jail", wadda Ingilawa suka daɗe suna rubutawa "gaol", ta fito daga kalmar Latin ta keji, kuma ita kanta keji ta Hausa daga wannan tushe take, ta hanyar Ingilishi. Kamawa da keji ke nan, 'yan'uwan ɗauri da turu. Kalmomin da suke ɗauke da manufa sun zo ne daga baya, kowace tare da wani yunƙurin kawo gyara. A 1553 Sarki Edward na Shida ya ba birnin London fadar Bridewell, aka mai da ita wurin horon mabarata da marasa aikin yi, irin waɗannan gidaje kuma aka kira su "house of correction". Ashe ke nan abin da aka kawo wa Nijeriya a 2019 a matsayin sabon suna ya haura shekara 400 a ƙasarsu. Bayan John Howard ya wallafa bincikensa a kan halin kurkukun Ingila a 1777, dokar 1779 ta fito da "penitentiary", watau wurin tuba, kalmar da ta samo asali daga coci. Borstal ita ce ta biyo baya a wannan jeri.

Wannan ra'ayi ya iso Kaduna ne a ƙarshen mulkin mallaka, ya kuma sauka a kudancin kogi. A Kakuri, maƙwabciyar Barnawa, aka kafa buɗaɗɗen sansanin fursunoni a shekarun 1950, inda ake ajiye waɗanda aka amince da su ba tare da dogon bango ba, suna noma da koyon sana'a. A wannan yanki ne kuma masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, wasu masaƙu suka biyo ta, saboda haka yaron da ya koyi aikin hannu yana iya sa ran samun abin yi ba da nisa ba. Gidan Barnawa an tsara shi ne don 'yan shekara 16 zuwa 21. Hukuma ba ta kiran mazaunansa fursunoni, ɗalibai take ce musu, shugaban gidan ma sunan shugaban makaranta yake amsawa. Bahaushe kuwa in zai bayyana shi yakan ce gidan horon kangararrun yara, kuma kalmar kangara a nan ta dace da gaskiyar lamarin, domin da yawa daga cikin yaran iyayensu ne suke neman kotu ta kai su, saboda shaye-shaye ko gagara, ba don sun aikata babban laifi ba.

Turkawa da sake suna

Tsohuwar kalmar Daular Usmaniyya ita ce zindan, daga Farisanci, watau rami ko hasumiya a cikin ganuwa, irin na Yedikule a Santambul inda aka kashe Sarki Usman na Biyu a 1622. Kusa da ita akwai jerin kalmomin da Bahaushe zai gane nan take. Pranga ita ce mari. Kalebent shi ne wanda aka tsare a cikin garin ganuwa, yana yawo amma ba ya fita, watau ɗaurin talala. Kürek ma'anarta matuƙin jirgin ruwa, domin da can masu laifi ake ɗaurewa su tuƙa jiragen yaƙi, kuma bayan an daina irin waɗannan jirage kalmar ta zauna a dokar laifuffuka ta 1858 da ma'anar ɗauri da aiki mai tsanani. Ita ce gandirobar Turkanci, kalmar da ta tuna aikin da aka sa fursuna. Akwai kuma kora zuwa nesa, wadda a zamanin Sarki Abdulhamid na Biyu ta mai da Fizan abin tsoro, har sunanta ya zama karin magana na ƙarshen duniya. Abin dariya, wannan Fezzan ɗin da Baturke yake ganin kabari ce, ga fataken Kano zango ce kawai a hanyar Tarabulus.

Da daular ta shiga gyare-gyarenta na ƙarni na 19, ta mai da ɗauri babban hukunci, ta kuma buɗe babban kurkuku na zamani a Santambul a 1871, shekara guda kafin na Ikko. Sunan da aka yi amfani da shi hapishane, haɗin habs ta Larabci da hane ta Farisanci mai ma'anar gida. Na masu jiran shari'a kuma aka kira shi tevkifhane, wanda ake tsarewa a ciki mevkuf. Duk wanda ya san Larabci zai ga cewa tevkif da mevkuf da wakafi 'ya'yan tushe ɗaya ne. Harsuna biyu da Sahara da Bahar Rum suka raba sun je wuri ɗaya sun ɗauko kalma ɗaya don buƙata ɗaya.

Bayan kafa jamhuriya a 1923, da sauya haruffa a 1928, da kafa hukumar harshe a 1932, gwamnati ta shiga tsince kalmomin Larabci da Farisanci. Hane ta ba ev wuri, hapishane ta zama cezaevi, gidan hukunci, wanda gininsa ya yi daidai da na gidan yari, sai dai an jingina shi ga hukunci maimakon mutum. Tsarkakewar ma ba ta cika ba, don ceza ita ce jaza'i ta Larabci, wadda a can take nufin sakamako kowane iri, Turkanci ya taƙaita ta ga na sharri. Tevkifhane ta zama tutukevi, mevkuf ya zama tutuklu. A dokar 2004 an sake wani zagayen: gidajen suka zama cibiyoyin zartar da hukunci, gidan yara da ake kira ıslahevi, watau gidan gyara, ya koma eğitimevi, gidan ilmi, shi kuma gardiyan a takarda ma'aikacin zartarwa da kariya ne. Duk da haka Baturke na kan titi yana nan yana cewa hapishane da gardiyan, dokar da kanta kuma ba ta iya rabuwa da hapis ba, ɗaurin rai da rai ma müebbet hapis ne, daga tushen da ya ba Hausa abada.

Amma akwai abu guda da Turkanci bai yarda ya saki ba a duk wannan sauye-sauye, shi ne bambanci tsakanin tutuklu, wanda ake tsare da shi kafin hukunci, da hükümlü, wanda aka riga aka yanke wa hukunci. An sake rigar kalmomin, an bar iyakar da ke tsakaninsu, kuma kowace jarida tana kiyaye ta.

Shekarar 2019

A watan Agusta na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta maye gurbin tsarin 1972. Hukumar gidajen yari ta zama hukumar gyaran hali, aka kuma shigo da hukuncin da ba na tsarewa ba, kamar aikin al'umma da sakin talala. Babu wata hukumar harshe da ta zauna ta fitar da fassara, irin yadda Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955 ta yi ƙoƙarin yi a zamaninta. Ɗakunan labarai ne suka daidaita a kan gidan gyaran hali, kuma ta fuskar ginin kalma ba ta da aibu: ta bi sahun gidan yari da gidan kaso, tana da daɗin faɗi, kowa ya gane ta. Masu cewa an dai canza wa tuwo suna suna da hujjarsu, tun da gabza tana nan gabzarta, amma matsalar kalmar ta wuce wannan.

Da farko, ta haɗiye gidan Barnawa. Kafin 2019 gyaran hali shi ne abin da ya bambanta Bostal da kurkuku, shi ne dalilin da ya sa aka gina shi daban. Yanzu da gidan da ke tsakiyar Kaduna, mai ɗauke da waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa, da na yaran Barnawa, suna ɗaya suke amsawa a labarai. Uwar da ta ji an ce an kai ɗanta gidan gyaran hali ba ta da hanyar sanin wanne ake nufi, maƙwabtan da za su karɓe shi in ya fito su ma haka.

Na biyu ya fi nauyi. Alƙaluman hukumar da kanta, shekara da shekaru, suna nuna cewa kimanin kashi biyu cikin uku na waɗanda suke tsare a Nijeriya ba a yanke musu hukunci ba, wasu sun shafe shekaru suna jira. Mutumin da kotu ba ta same shi da laifi ba, wane hali za a gyara masa? Sunan ya yanke masa hukuncin da alƙali bai yanke ba. Kuma Hausa ba ta rasa kalmar da za ta kiyaye wannan iyaka ba, tana da wakafi tun zamanin alƙalan zaure. Sai dai kalmar tana ja da baya, matasa da yawa ba su san ta da wannan ma'ana ba sai ta alamar rubutu ko ta sadaka mai gudana, wasu marubuta kuma suna amfani da gidan wakafi a matsayin wani sunan kurkuku kawai don gudun maimaici. Masu fassara sukan ce masu jiran shari'a, wanda bayani ne mai tsawo da ake yarwa da zarar kanun labari ya yi ƙunci, a koma ga fursunoni. Abin da Turkanci ya riƙe da gangan, Hausa tana sakinsa da sakaci, alhali ita ce ta fi buƙatarsa.

Wata guda bayan sa hannu a dokar, a ƙarshen Satumba na 2019, 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa, a hayin yammacin Kaduna, suka fito da mutane fiye da 300, manya da yara, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya. A makonnin da suka biyo baya aka buɗe wasu irinsa a Daura da Katsina da wasu garuruwa. Masu waɗannan gidaje suna kiransu makarantu ko wuraren gyaran tarbiyya, iyaye kuma da kuɗinsu suke kai 'ya'yansu, saboda dalilan da suke sa wasu iyayen neman gurbi a Barnawa, ga shi kuwa gidaje uku na gwamnati ba za su ɗauki kangararrun ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 ba. Amma jama'ar gari ba su taɓa kiran waɗannan wurare da sunan da masu su suka zaɓa ba. Gidan mari suke cewa, da sunan ƙarfen, kamar yadda kakanninsu suka yi, kuma hotunan da aka ɗauka a Rigasa sun nuna cewa tsohuwar kalmar ce ta faɗi abin da ke ciki.

A watan Maris na 2023 aka gyara tsarin mulki, aka cire gidajen ɗauri daga jerin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai take da iko a kansu, aka ba jihohi damar kafa nasu. Ƙofar da aka rufe a 1968 ta sake buɗewa ke nan bayan shekara 55, sai dai wannan karon gwamna ne zai riƙe mabuɗin, ba sarki ba. Jihohin da suka ɗauki wannan dama za su rubuta dokoki, a fassara su a rediyo, a kafa alluna a bakin ƙofa, kuma a jihohi irin Kano da Katsina da Sakkwato da Kaduna, da Hausa mafi yawan masu zuwa ziyara za su tambayi hanya. Dokar 2019 ta riga ta umarci a ware masu jiran shari'a daga waɗanda aka yanke wa hukunci, a kuma ware yara daga manya, watau gidaje iri uku ne a takarda: na wakafi, na ɗaurarru, da irin na Barnawa.